Aron Suna a Gidan Dona Creuza

"Ga ta nan, ga ta nan ku, 'ya'yan nan."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne."

To ku gyara zama. Wannan ba ta namun dawa ba ce, a layinmu aka yi ta, nan Toritama, gida uku tsakaninmu da su.

Kun dai san yadda muke a garin nan. Talaka ba shi da jarin da ya wuce sunansa. In ka ci bashi ka kasa biya, a saka ka cikin jerin masu taurin bashi, shi ke nan sunanka ya yi datti. Ko tukunya ba za a ba ka bashi a kanti ba, ko ɗaki ba za a ba ka haya ba. To me mutum zai yi? Sai ya je ya ari sunan wani, kamar yadda ake aron tsani. "Ɗan ba ni katinki na cin bashin banki in sayi abu kaza, a raba biyan kashi goma, duk wata zan kawo miki." Wanda ya hana a ce ba shi da zumunci.

A gidan Dona Creuza mutum ɗaya ce ke da suna mai tsabta, ita ce Zuleide, matar babban ɗanta Genivaldo, wanda kowa ke kira Vado. Shekara ashirin tana zaune a gidan surukar, tana ɗinka aljihun wandon jins a baranda, kowane aljihu sentabo goma sha biyar. Yatsunta sun rine da shuɗi, ko da sabulun wanki ba sa fita. Ba ta taɓa bari takardar banki ta kwana ba a biya ba, don mahaifinta kafin ya rasu abu ɗaya ya bar mata: "Ba ni da gida ba ni da gona, amma sunana ko ina na kai shi ana buɗe mini ƙofa. Ki riƙe naki haka."

Sauran 'yan gidan kuwa, a bayan ƙofar ɗakin girki akwai wata tsohuwar kalandar coci da Dona Creuza ta juya bayanta ta rubuta sunaye uku: nata, na Vado, da na autanta Edmilson. A gaban kowane suna akwai shekarar da zai wanku. Domin in mutum ya yi shekara biyar a jerin nan, cire shi ake yi ko bai biya ba. Haka suke zaune suna jiran shekarunsu kamar masu jiran damina.

Zuleide tana da buri guda. Seu Aderbal, dattijon da ke da shaguna a bakin babban titi, yana da wani ɗan shago da zai zama ba kowa bayan bikin São João, babban bikin garinmu da ake yi a watan Yuni. In ta samu shagon nan, za ta riƙa karɓar aiki kai tsaye daga masu kaya, ba ta hannun ɗan tsakiya mai yanke mata rabi ba. Ita da 'yarta Jucilene za su zauna a ciki, keken ɗinki biyu. Seu Aderbal ya ce mata, "Shago naki ne, Dona Zuleide. Amma kin san ni, ranar sa hannu sai na duba suna. Ko uwata ce ta dawo daga kabari sai na duba."

Ta yi dariya ta ce, "Duba da kyau, Seu Aderbal. Sunana kamar farantin da aka wanke yanzu."

A watan Fabrairu takardar bashin katin Zuleide ta iso daga banki. Reyal dubu huɗu da ɗari uku. Ta karanta ta sake karantawa, ta cire tabarau ta goge ta mayar. A cikin jerin nan abin da ta saya da kanta zare ne da allura da takalmin makarantar Jucilene. Saura kuwa firijin Dona Creuza ne, da wayar Edmilson da tayoyin babur ɗinsa, da siminti buhu goma da Vado ya ce zai ɗaga mata ɗaki da shi, ga shi can a bayan gida ruwa ya mai da shi dutse. Wata uku ke nan ba wanda ya kawo mata ko sentabo, ita ke ta toshe ramin da ɗan abin da ta tara na shago, har asusun ya ƙare.

Ta bari sai ranar Lahadi, kowa ya zauna cin wake da shinkafa da garin rogo, sannan ta shimfiɗa takardar a tsakiyar tebur.

"Ku duba. Ranar goma ga wata ake biya. Ni ba ni da shi."

Edmilson ya leƙa takardar, cokali a baki. "Haba matar yaya, bankin gidanmu! Ana cin abinci za ki kawo mana takardar mutuwa? Wallahi sati mai zuwa akwai wani aiki da nake jira, da ya faɗo ke ce ta farko."

"Tun Kirsimeti aikin nan yake faɗowa, Edmilson. Daga wane bene yake tahowa ne?"

Jucilene ta ƙyalƙyale da dariya, kakarta ta harare ta.

"Ina ma wayar?" in ji Zuleide. "Ka mayar mini in sayar."

"Wayar ai ta faɗa ruwa."

"Ta faɗa ruwa, ko ta faɗa hannun yarinyar nan mai sayar da turare?"

Dona Creuza ta ajiye cokali. "'Yar nan, firijin da kike magana, ruwan sanyin wa yake ciki? Ba kya sha? 'Yarki ba ta sha? Shekara ashirin kina ƙarƙashin rufina, na taɓa kawo miki takarda a kan tebur? Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ki biya musu ɗan ƙaramin kason nan da suke rubutawa a ƙasan takardar, su yi shiru."

Zuleide ta dubi mijinta. Vado yana ta gauraya gari a cikin wake kamar an ba shi aikin yi.

"Vado, ba ka ce komai ba."

"Me zan ce, Zu? Kin san aikin gini ya tsaya. Ki yi yadda Mama ta ce, wata mai zuwa Allah zai kawo mafita."

Ta yi yadda Mama ta ce. Ta biya ɗan ƙaramin da ke ƙasa, reyal ɗari shida da wani abu, kuɗin aljihu fiye da dubu huɗu ke nan in kun lissafa. Da watan Maris ya zo, ta buɗe takarda tana zaton bashin ya ɗan sauka. Ina! Ya haura dubu biyar. Kuɗin ruwa ya cinye abin da ta biya ya ƙara da nasa, ga kason firiji na wannan wata ya hau kai, ga na waya, ga na taya.

Ta buga lambar da ke bayan katin. Wata murya mai zaƙi da ba ta mutum ba ta ce ta danna ɗaya, ta danna huɗu, ta danna tara. Aka sa mata kiɗa. Ta jingina wayar a kafaɗa tana ɗinki, ta gama aljihu sittin kiɗan bai ƙare ba, sannan layin ya yanke. Kwana uku tana yin haka. Rana ta huɗu ta rufe keken ɗinki da zane, ta saka rigarta ta zuwa coci, ta tafi bankin da ƙafarta.

Ta karɓi lamba ta zauna tun tara na safe, sai kusan ɗaya aka kira ta. Wani saurayi ne mai kwat, gashinsa ya sha mai, da fara'arsa kamar zai ba ta kyauta.

"Dona Zuleide! Shekara goma sha ɗaya kina tare da mu, ba ki taɓa makara ba. Da me zan taimaka?"

"Ɗana, ban zo gudun bashi ba. Zan biya. Ku tsayar da ruwan nan kawai, ku bar ni in riƙa kawo ɗari biyar duk wata har in gama."

Ya taɓa na'urarsa, ya karkata kai. "Abin da zan iya yi miki shi ne a raba shi kashi ashirin da huɗu."

"Nawa zai kama gaba ɗaya?"

Ya juyo mata da fuskar na'urar. Ta ga lambar, ta dafe ƙirji. Saura kaɗan ya ninka.

"Wannan ai ba taimako ba ne. Na zo da ciwon kai ka ce in kawo wuya a yanka. Maƙwabciyata bara an yafe mata fiye da rabin nata, na gani da idona."

Saurayin ya rage murya. "Wannan rangwamen na waɗanda suka daina biya ne, Dona Zuleide. Waɗanda suka yi shekara ɗaya, biyu, banki ya fid da rai. Ke kuwa kina biya. A wajenmu ba ki da matsala."

"Wato sai na ɓata sunana za ku ji tausayina?"

"Ni ban ce haka ba."

"To me ka ce?"

"Na ce na'ura ba ta ba ni dama ba." Ya sake murmushi. "Amma akwai albishir. Saboda kyakkyawan tarihinki, an amince a ƙara miki yawan abin da za ki iya ci a katin. Kina so in buɗe miki?"

Zuleide ta miƙe tsaye. Ta ce, "Allah ya shirye ka, ɗana. Buga mini takardar abin da aka saya, in tafi."

A cikin motar haya ta duba takardar, sai ga wani sabon layi da ba ta sani ba. Shagon kayan sauti, reyal dubu ɗaya da ɗari takwas, kashi goma, an saya ranar Asabar. Katin kuwa tana ɓoye shi ne a gwangwanin biskit ɗin da take ajiye maɓallai, lambar sirrinsa ranar haihuwar Jucilene ce. Mutum ɗaya ne ya san duka biyun.

Tun daga bakin layi ta ji kiɗa yana dukan ƙirji. A ƙofar gida ga wani baƙin akwatin sauti, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, fitilu suna walƙiya a jikinsa. Vado da Edmilson suna tsaye a kansa kamar an yi musu haihuwa.

"Vado, kashe abin nan."

"Zu, tsaya ki ji. Jari ne! Lokacin São João kowa haya yake nema, dare ɗaya ɗari biyu. Kafin bikin ya ƙare ya biya kansa ya biya firiji."

"Ka buɗe gwangwanina."

"Haba, kamar wani ɓarawo? Ni da ke ai ɗaya ne. Da na tambaye ki za ki ce a'a."

"To da ka san zan ce a'a, me ya sa ka ɗauka?"

"Ka ji ta ko!" in ji Dona Creuza daga taga. "Namiji ya tashi neman na kansa, matarsa ce ta farkon karya masa gwiwa. Shi ya sa ɗana bai ci gaba ba."

Ranar Zuleide ta sa almakashin yankan jins ta raba katin gida huɗu. Amma yanka kati ba ya yanka bashi. Abin da aka riga aka raba kashi-kashi haka zai yi ta zuwa duk wata, kamar baƙon da ya san hanyar gida.

Daga nan kwanakinta suka koma iri ɗaya. Kafin zakara ya yi cara tana kan keke, rana ta faɗi tana kan keke. Ta daina zuwa coci ranar Laraba, ta daina zama shan kofi da mu da yamma. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ta daina shiga. Idonta ya fara ganin allura biyu. Ta daina sayen nama, ta koma kuskus ɗin masara da ƙwai, ƙwan ma in ta buɗe firijin da take biya sai ta ji muryar surukarta a baya: "Guda shida na bari jiya, 'yar nan."

Wata rana na shiga na same ta ta kifa kai a kan keken. Na ce, "Zuleide, jiki fa ba ƙarfe ba ne." Ta ɗago ta ce, "Saura wata biyu, Dona. In dai na riƙe sunan nan har São João, na sa hannu a shagon, sauran mai sauƙi ne." Abin da take yi ke nan: tana biyan ɗan ƙaramin nan duk wata, ba don bashin ya ragu ba, don dai kar sunanta ya faɗa jerin.

Akwatin sautin kuwa sau biyu aka yi hayarsa. Na farko abokin Edmilson ne, ya ce zai kawo kuɗin. Na biyu Vado ya karɓi ɗari da hamsin, ya ce ya sayi wayar wuta da batir na akwatin.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Farkon watan Mayu, tana tsakiyar ɗinki, keken ya yi wani gurnani, ƙauri ya tashi, ya tsaya cak. Injin ya ƙone. Mai gyara ya ce sabo reyal ɗari bakwai, kuma ba ya ba da bashi. Abin da ke hannunta ɗari bakwai da ashirin ne, na banki, saura kwana huɗu a biya.

Ta sami Vado a bayan gida yana zaune a kan simintin da ya daskare.

"Ka sayar da akwatin nan yau. Ko dubu ɗaya aka taya ka sallama. In na gyara keke ba na biyan banki, in na biya banki ba ni da keke."

"Yanzu? Saura wata guda biki? Zu, wa ke sayar da akuya ana gobe za ta haihu?"

"Sunana zai ɓaci, Vado."

"To sai me? Nawa ya ɓaci shekara uku, na mutu ne? Ke kin ɗauki sunan nan kamar wani ƙwai. Shekara biyar kamar gobe ne."

Ta je wajen Edmilson, ya rantse da kabarin ubansa ba shi da ko na mai. Da yamma aka gan shi da sabuwar riga mai gidan dara ta rawar biki. Ta je wajen Dona Creuza, ta san ranar ta karɓi kuɗin fanshonta.

"Dona Creuza, ko kason firiji na wata biyu ki ba ni."

"Kuɗin maganina? So kike hawan jini ya kashe ni ki gaji firijin? Haƙuri, 'yar nan. Wanda ya hau sama da yawa, in ya faɗo ya fi jin zafi. Ke ma ki sauko ki zauna da mu."

Ta sake komawa banki. Wannan karon wata budurwa ta samu. Ta roƙi a ɗaga mata kwana ashirin kacal. Budurwar ta ce ba a ɗaga rana, amma akwai wani rance na musamman da za ta iya ci ta biya katin da shi. Zuleide ta ce, "In haƙa rami in cike rami." Ta tashi ta fito.

Ta gyara keken. Me za ta yi? Keken ne bakinsu.

Wayarta ta fara ruri tun safe har yamma, yanzu kam mutane ne na gaske suke kira, ba kiɗa. Ashe suna da baki. "Dona Zuleide, yaushe za mu sa ran biya?" Wasiƙa ta zo, ta ba ta kwana goma. Ta yi ta dukan keke tana neman ta cim musu, amma abin da ake nema yanzu ya haɗa da na watan jiya da tara da ruwan tara.

Saura sati ɗaya biki ta je kantin da ta shekara goma tana sayen zare, ta ɗauki ƙwarya shida ta ce a rubuta kamar kullum. Yarinyar kantin ta taɓa na'ura, ta kasa ɗago ido.

"Dona Zuleide, sunanki bai wuce ba."

A gaban mutane. Akwai mata biyu 'yan cocinsu a layin. Ta mayar da zaren ɗaya bayan ɗaya a kan kanta, ta fito ba ta ganin gabanta.

Da ta isa gida ta shiga ɗakin girki shan ruwa, ƙofar ta juya, sai idonta ya faɗa kan kalandar. An ƙara suna na huɗu da sabon biro, da shekara a gabansa. Dona Creuza tana ɓare masara, ko kunya babu.

"Wasiƙar na gani. Na ce bari in rubuta kar a manta ranar. Kin ga yanzu hankalinki zai kwanta, ba mai sake damunki da aro."

Duk da haka washegari ta je wajen Seu Aderbal, ta faɗa masa gaskiya tun kafin ya duba. Dattijon ya cire hula ya sosa kai.

"Kash. Dona Zuleide, na san ke ba maciyar amana ba ce. Amma in na karya dokata a kanki, gobe mutum goma za su zo. Sai dai..." Ya mayar da hularsa. "'Yarki ba ta kusa cika sha takwas ba? A sa sunanta a takarda mana. Kowa haka yake yi. Zan riƙe miki shagon har ƙarshen wata."

Ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba. Ta tafi da maganar tana juya ta a ciki. Jucilene za ta cika sha takwas kwana biyu bayan São João.

Ranar bikin da rana, an jera itacen wuta a ƙofar kowane gida, layi ya cika da ƙamshin dafaffiyar masara da kunun kwakwa. Zuleide tana baranda tana ƙarasa wani ƙunshin aiki, su kuma suna ɗakin girki, taga a buɗe. Ta ji muryar Edmilson yana kiran Jucilene da sunanta na gida.

"Leni, 'yar gidan kawu! Jibi kin zama babbar mace. Kin san a waya ma ake buɗe kati yanzu? Minti biyar. Ki ɗaga katin shaidarki ki yi murmushi, shi ke nan."

"Sabon suna fil, ko ƙura babu," in ji Dona Creuza. "Murhun nan nawa ya gaji, jikata. Kashi goma sha biyu ne kawai, ni zan riƙa ba ki da hannuna."

"Ni injin babur kawai zan gyara," in ji Edmilson.

Sai muryar Vado, a hankali: "In an samu akwati na biyu, ka ga an haɗa biyu, hayar ta fi tsoka."

Keken ɗinki ya yi shiru. Zuleide ta tashi da kumburarrun ƙafafunta ta shiga. Jucilene tana tsaye a jikin firiji, tana murza gefen rigarta, ta rasa wa za ta kalla.

"Kun gama da ni, kun koma kan 'yata?"

"Haba matar yaya, hira ce fa..."

"Rufe mini baki, Edmilson. Wayar da ke aljihun budurwarka, da jinin idona ake biyan ta." Ta juya ga mijinta. "Kai kuma ubanta ne. Kai ya kamata ka tsaya a ƙofa da sanda. Sai ga ka a layi da kwanonka."

"Zu, yau ranar biki ce, mutane na ji."

"Su ji! Da aka ce sunana bai wuce ba, a gaban mutane aka faɗa."

Dona Creuza ta miƙe. "A gidana kike ɗaga murya? Jikata ce, jinina ce. In dangi ba su taimaki dangi ba, wa zai taimaka?"

"Taimako? Dona Creuza, wata shida ina nutsewa a gabanku, wa ya miƙo mini ko tsinke? Ba dangi kuke nema ba, suna kuke nema. In ya ƙare ku rubuta shi a bayan ƙofa ku nemi na gaba."

Ta finciko kalandar daga ƙusa. Ba ta yaga ba. Ta ɗauki almakashi ta yanke layin da sunanta yake, ta saka a aljihu, ta ajiye musu sauran a kan tebur.

"Ga naku. Leni, je ki aro mini baro wajen maƙwabta."

Da rana tsaka, layi cike da mutane da tutocin biki, aka ga Zuleide tana tura keken ɗinkinta a baro, Jucilene na biye da jaka biyu da gwangwanin maɓallai. Vado ya biyo su har bakin layi yana cewa, "Zu, wa zai dafa masarar?" Ba ta waiwaya ba. Suka sauka a gidan Marinalva, ƙawarta, wadda ta riƙe Jucilene ranar baftisma. Ɗaki ɗaya ne da ɗan baranda, amma Marinalva ta ce, "Shigo, ƙawata. Inda mutum biyu suka kwana, huɗu ma za su kwana."

Ranar da Jucilene ta cika sha takwas, da safe suna shan kofi a barandar, yarinyar ta fito da katin shaidarta ta ajiye a gaban uwar.

"Mama, na ji abin da Seu Aderbal ya ce. Mu je in sa hannu. Ke ba irinsu ba ce, na san za ki biya. Shagon nan shekara nawa kina mafarkinsa."

Zuleide ta ɗauki katin. Ta daɗe tana kallon hoton, yarinya da kitso biyu, ko murmushi ba ta iya yi wa mai hoto ba. Shagon yana nan, mintuna goma a ƙafa, ƙofarsa shuɗiya, har ta riga ta san inda za ta ajiye kowane keke. Kuma gaskiya ne, za ta biya. Sai dai ta tuna ita ma ranar da ta fara miƙa katinta, don ƙauna ta miƙa, kuma wanda ya karɓa ya rantse zai biya. In keke ya sake ƙonewa fa? In idon nan ya ƙi?

Ta kama hannun 'yar, ta saka mata katin a tafi, ta naɗe yatsunta a kai.

"Mayar da shi. Sunan nan ba na aro ba ne."

"Mama, ke ce fa."

"Ko ni. Musamman ma ni, don ni ce wadda ba za ki iya ce wa a'a ba. In kin koyi hana ni, ba wanda zai gagare ki hanawa."

Jucilene ta fashe da kuka. Marinalva ta ce, "To ku sha kofinku kafin ya huce, aljihu ɗari uku na jiranku."

Ƙarshen wata Seu Aderbal ya ba wani mai gyaran waya shagon. Bayan shekara ɗaya da rabi bankin ya aiko wa Zuleide da saƙo mai daɗin baki, wai an yafe mata kashi bakwai cikin goma in za ta biya sauran, abin da ta roƙa da hawaye aka hana ta tun tana da suna. Ta biya a wata tara, sunanta ya fita daga jerin, amma idonta na hagu bai dawo daidai ba, kuma har yau a barandar Marinalva take ɗinki. Akwatin sautin ruwan sama ya dake shi a bikin wani ƙauye, yana bayan gida a kan simintin. Vado yakan zo ranar Lahadi ya tsaya a bakin ƙofa, a ba shi kofi a tsaye ya tafi. Edmilson ya auri yarinyar nan mai turare, an ce sunanta mai tsabta ne, ko da yake watan jiya na ga an kai sabon murhu gidan Dona Creuza. Dona Creuza tana nan da firijinta, ta rataye kalandar a inda take, da ramin almakashi a tsakiya. Jucilene kuwa tana aiki a wani kantin yadi a birnin Caruaru, ta kama ɗaki da sunanta, kuma har yau ba ta ara wa kowa shi ba.